Musayar wurin aiki a gidan waya: ya ce sai na ba shi dubu 800

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta hana ni barci kwanan nan, na ga gara in kawo ta gabanku tunda a cikinmu akwai lauyoyi da malamai da waɗanda suka ga jiya suka ga yau a aikin gwamnati. Ni ma'aikacin gidan waya ne, shekarata 9 ke nan a Makurɗi. Mahaifiyata tana nan Mabera, kuma tun bayan ƙaramar salla ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Ƙannena mata biyu ne, ɗaya tana aure a Gusau, ɗaya a Birnin Kebbi. Sau biyu a mako ake kai Inna gashi asibiti, yaron maƙwabta ne ke cicciɓarta ya sa a keke napep. Da na zo watan jiya na zauna gefen tabarmarta, ta so ta miƙo mini goro kamar yadda ta saba tun ina yaro, hannun ya ƙi tashi daga kan cinyarta. Ta yi ta kallon hannun, ni kuma na yi ta kallon ƙasa.

Daga Makurɗi zuwa nan wuni ne cur a mota, wani lokaci har da kwana a hanya, kuma kun san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau take ciki. To na sami wani abokin aiki a nan Sakkwato, ɗan asalin Binuwai, matakin albashinmu ɗaya, aikinmu iri ɗaya a kan kanta. Ya yarda mu rubuta takardar musaya, shi ya tafi can ni in dawo gida. Amma ya ce sai na ba shi naira dubu 800, domin ba shi ya nemi tashi ba, yana zaune lafiya da 'ya'yansa uku a makaranta. Ina da ɗan fili ta wajen Kwannawa, in na sayar zan iya haɗa kuɗin. Tambayata biyu ce: shin doka ta hana? Kuma a addini yaya abin yake?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin a shiga maganar doka, ku tuna da abin da ya kawo bawan Allah nan. Uwa ce a kwance.

Alhaji Mai Atamfa:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai ɗan kasuwa ne, ban ga abin tayar da hankali a nan ba. A babbar kasuwa in kana son wani ya tashi daga shago ya bar maka, kuɗin sallama kake ba shi, kowa ya san da haka, ba wanda ya taɓa kiransa cin hanci. Mutumin nan ba shi ke sa hannu a takardar canji ba, ba shugabanka ba ne, ba alƙali ba ne. Zai kwashe iyalinsa da tukwanensa ya yi tafiyar wuni guda saboda kai. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kun san nawa ake ɗaukar kayan gida a babbar mota daga nan zuwa ƙetaren Binuwai? Ka biya shi ka dawo ka riƙe mahaifiyarka. Fili ana sake saye.

Barista Na Arkilla:
Alhaji, da girmamawa, shago da kujerar aikin gwamnati ba hanyarsu ɗaya ba. Mai shago ya biya kuɗin haya, yana da haƙƙin zama na wani lokaci, shi yake sallamawa. Ma'aikaci kuwa ba shi da wani haƙƙi a kan garin da aka ajiye shi. Ranar da ya karɓi takardar ɗaukar aiki ya amince a tura shi duk inda ake buƙatarsa a faɗin ƙasa. Abin da ba naka ba, da me za ka sa masa farashi?

Baban Sadiq, bari in ba ka abin da ke rubuce. Na farko, jadawali na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma ya haɗa da ma'aikatan hukumomin da doka ta kafa, NIPOST, wato hukumar gidan waya, na ciki. Sakin layi na 6 ya hana ma'aikaci nema ko karɓar dukiya ko wani amfani saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Kyautar da aka yarje masa ita ce ta dangi da abokai, gwargwadon abin da al'ada ta sani. Sakin layi na 8 kuma ya hana kowa miƙa wa ma'aikaci wani abu don ya ja ra'ayinsa. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana iya raba mutum da aikinsa, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10.

Sai dokar shekarar 2000 da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, wadda ta fi ba ni tsoro a wannan magana. Sashe na 8 bai tsaya ga aikin da mutum yake yi da hannunsa kaɗai ba, ya faɗaɗa zuwa duk wani al'amari da ya shafi harkokin hukumar da yake wa aiki. Wanda zai zauna a wane ofishi, ai harkar hukuma ce tsantsa. Hukuncin mai karɓa shekara 7 ne, kuma sashe na 9 ya ba mai bayarwa irin wannan hukuncin. Lauyan da zai kare ku yana iya cewa ba a yi da mugun nufi ba, kuɗin ɗawainiya ne tsakanin abokan aiki biyu, kuma hujja ce da za a saurara. Amma a lokacin da ake sauraron nata, kai an riga an dakatar da kai, kana zirga-zirgar kotu, Inna kuma tana kwance.

Alhaji Mai Atamfa:
Barista, ku lauyoyi komai sai kun kai shi gidan yari. Wa zai kai ƙara? Mutum biyu sun yarda da juna, ba wanda aka zalunta.

Malama Hadiza:
Alhaji, akwai wanda aka zalunta, ba ya dai cikin ɗakin da aka yi cinikin ne. Ni ce irinsa. Ba a gidan waya nake ba, amma ma'aikaciya ce, kuma na yi shekara 4 takardata tana jiran a dawo da ni cikin gari saboda mijina da yarana. Kullum sai a ce babu gurbi. A cikin shekarun nan na ga mutum uku da suka zo bayana sun shige gabana ta hanyar musaya, daga baya na ji abin da kowannensu ya biya. Ni ba ni da fili a Kwannawa. Ƙarfe biyar da rabi na asuba nake fita tasha da goyo a bayana, in dawo bayan la'asar, wata rana ɗiyata ta fari ce ke ɗora tukunya tana 'yar shekara 11. Ban ce Baban Sadiq ba shi da uzuri ba, wallahi uzurinsa ya fi nawa nauyi. Amma in gurbi ya zama na mai kuɗi, mai uzurin da ba shi da ko sisi ya zauna ke nan har ya yi ritaya.

Maman Ummi:
Malama, Allah ya kawo miki mafita. Amma musaya ai ba gurbi ba ne da ya buɗe. In mutumin bai tashi ba, ba wanda zai samu, ke ma ba za ki samu ba.

Malama Hadiza:
Haka ne Yaya, amma duba ta wannan gefen. Wanda da ma yana da niyyar komawa garinsu, da zai rubuta takarda ya tafi, gurbi ya buɗe wa na kan layi. Yanzu da ya ji ana biya, sai ya zauna ya riƙe kujerar yana jiran mai saye. Abin da ya faru a wajenmu ke nan.

Tsohon Fosmasta:
Salamu alaikum. Na karanta dut abin da kunka rubuta. Ni na yi shekara 33 cikin aikin ga, na shiga tun ana ce mishi P&T, kahin 1985 da anka raba shi biyu, gidan waya yaz zama NIPOST, tarho yaz zama NITEL. Na sai da kan sarki, na buga wayar tangarahu, na biya fosta oda ga tsohhin da ɗiyansu ka aiko musu kuɗɗi daga Ikko da Fatakwal. An kai ni garuruwa shida, uku cikinsu ban taɓa jin sunansu ba sai ranar da takarda taz zo.

Musaya ba sabon abu ba ce. Mutum biyu masu mataki guda su rubuta takarda, kowa ta bi ta hannun shugaban ohis nashi, a aika sama, in an ga aiki ba ya cutuwa a sa hannu. Mun yi ma mutane da yawa. Abin da ni ka so ɗana Baban Sadiq shi gane shi ne, kalma ta ƙarshe ba ta hannunku ku biyu. Kuna iya shiryawa a ƙi sa hannu. Ana iya sa hannu, bayan wata shida a sake ɗauke ka a kai wani gari, don aiki ya buƙata. To kuɗɗinka hwa? Wa za ka kama?

Amma in hwaɗi gaskiya, mutumin ga shina da tashi hujja. A ƙa'idar aikin gwamnati, in hukuma ta ɗauke ka da kanta akwai alawus na kwana 28 na hwarko da kuɗɗin kwashe kaya. In kai kan nemi canji da bakinka, ba ka da ko kwabo. Ke nan in ya sa hannu ga takardar musaya, ya sauke ma kainai nauyin tahiya dut. Zamaninmu abin da munka saba, wanda anka yi ma alfarma shi ka ɗauko mota shi biya direba, wani lokaci shi haɗa da buhun shinkahwa. Ba a zama a yi ciniki, ba a yanka hwarashi. Ban taɓa jin an ce dubu kaza ko a hwasa ba sai zamanin ga.

Baban Sadiq:
Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Maganar sake ɗauke ni ban ma kawo ta a raina ba.

Barista Na Arkilla:
Baba ya taɓo wurin da ya kamata. Ka ɗauka ka ba shi kuɗin, aka ƙi amincewa da musayar, shi kuma ya ce ya riga ya kashe. In ka je kotu neman haƙƙinka, abu na farko da za a tambaye ka shi ne kuɗin mene ne. Kotu ba ta tilasta cika yarjejeniyar da aka gina a kan abin da doka ta hana ko ya saɓa wa maslahar jama'a, kuma cinikin muƙamin gwamnati yana cikin tsofaffin misalan da ake koya wa ɗaliban lauya. Ka rasa fili, ka rasa canji, kuma da bakinka ka shaida wa alƙali abin da kuka yi. Shaidar tura kuɗi ta banki da kake ganin za ta kare ka, ita ce za a fara ɗagawa a kanka.

Ɗan Runjin Sambo:
Ina bin maganar daga nan Amurka. Su ma a nan ma'aikatan gidan waya suna musaya, kuma a fili ake yi. Mujallar ƙungiyar masu raba wasiƙu tana buga sanarwar masu neman abokin musaya, mutum ya rubuta garin da yake da garin da yake so. Sai shugabannin ofisoshin biyu sun amince, kuma akwai abin da mutum ke rasawa: a lissafin daɗewa a aiki, dukansu biyu ana mayar da su kan shekarun wanda ya fi ƙaranci a cikinsu. Dokar tarayyarsu kuma ta haramta ba wani kuɗi don ya yi amfani da ƙafarsa ya samo maka muƙamin gwamnati. Abin da ya burge ni shi ne sanarwar nan ta fili. In kowa yana ganin jerin masu son tafiya da masu son dawowa, dillali ba shi da wurin tsayawa. Ƙungiyoyin ma'aikatanmu za su iya yin irin wannan da wayar hannu kawai.

Alhaji Mai Atamfa:
Can Amurka ke nan. Mu nan mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun 2024, buhun shinkafa ya kusa cinye shi. Mutumin da ke ɗaukar abin da bai taka kara ya karya ba, ka ce ya yi ƙaura kyauta don Allah? Ku faɗa mini da me zai kama haya a can.

Malam Na Gidan Igwai:
Bismillah. Allah ya ba mahaifiyarka lafiya, ya ba ka ladan damuwa da ita. Na jinkirta ne don in ji bayanin masu doka da masu aikin, domin hukunci yana bin surar abu.

Asalin da kowa ya sani shi ne hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Ma'aunin da malamai suka ciro daga nan shi ne: duk abin da ba don kujerar ba da ba za a ba ka shi ba, to ka ji tsoronsa. Mu kuma mutanen Sakkwato ba baƙin wannan magana ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya yi inkari a kan sarakunan zamaninsa.

Amma adalci shi ne in faɗi ɗaya ɓangaren. Malaman baya, musamman na Hanafiyya, sun tattauna mas'alar mutum ya sauka daga wazifarsa ya bar wa wani a kan kuɗi. Wasu sun hana, suka ce haƙƙi ne tsura wanda ba a sayarwa, wasu sun sassauta saboda al'ada ta gudana a kai, tare da cewa sai mai ikon naɗawa ya tabbatar da wanda aka bar wa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma an halatta mace ta sayi kwanan kishiyarta. Sai dai kwana haƙƙin matar ne ita kaɗai, in ta bayar ba wanda ya cutu. Kujerar gidan waya kuwa amanar jama'a ce, akwai mai ita, kuma mai itan ya gindaya sharuɗɗa da ku biyun kuka amince da su ranar da kuka kama aiki. Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Abin da nake gani shi ne a raba kuɗin gida biyu. Abin da zai kashe na haƙiƙa saboda tashin da ya yi dominka, kamar motar kaya, in ka ɗauke masa, ihsani ne a kan ihsani. Abin da ya ɗora a sama a matsayin farashin yardarsa, wannan zuciyata ba ta natsu da shi ba. Ka tambaye shi dubu 800 ɗin nan na mene ne da mene ne.

Baban Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, na kira shi yanzu bayan isha'i na tambaye shi kamar yadda ka ce. Ya ce dubu 350 na hayar shekara ne a can, dubu 200 motar kaya, dubu 100 na sa yara sabuwar makaranta da kayan makaranta. Na ce saura dubu 150. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce wannan na wani ne da ya sani wanda zai bi fayil ɗin don kada ya kwana a kan tebur. Na ce wane ne, ya ce ba sai na sani ba.

Barista Na Arkilla:
To nan kam babu sauran muhawara. Wancan na farko muna iya ja-in-ja a kan fassararsa, wannan kuwa shi ne ainihin abin da aka rubuta dokar dominsa. Sashe na 19 na dokar ICPC ma yana jiran duk ma'aikacin da ya yi amfani da ofishinsa don amfanin kansa ko na wani nasa, shekara 5 babu zaɓin tara. Kuma ka lura, ba ka san mutumin ba, ba ka san ko akwai shi ba. Mai yiwuwa ne babu kowa, ƙari ne kawai aka sa wa suna. Ko akwai shi ko babu, kai dai ka bayar da niyyar a toshe bakin wani.

Malam Na Gidan Igwai:
Wannan rashawa ce, ba ta da wani suna. An la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Ka nisance ta, ɗana.

Alhaji Mai Atamfa:
Wannan dubu 150 ɗin ni ma ban goyi bayansa ba, na janye a kansa. Amma ina nan kan bakana game da sauran. Haya da mota da makaranta ba ƙarya ya yi ba, abubuwa ne da kowa ke iya lissafawa.

Tsohon Fosmasta:
Alhaji, haya ba ta shiga. Nan ma Sakkwato haya shi ka biya, in ya tashi ya daina biyan ta nan shi koma biyan ta can. In akwai watannin da sunka rage mishi ga gidan da shi ke ciki, wannan a lissahwa, ko Baban Sadiq shi shiga gidan da iyalinai tunda shi ma wurin zama za shi nema. Hayar shekara cikakka kuwa riba ce anka sa ma rigar ɗawainiya.

Kuma akwai abin da ni ka jin tsoro wanda ba ku taɓo ba. Yau Makurɗi da Sakkwato muka magana, dut garuruwa na zaman lahiya gwargwado. Gobe hwa in ciniki ya zama al'ada? Kun san halin da gabascin jihar ga ke ciki, Isa da Sabon Birni da kewayensu. Mai hali shi biya a hid da shi, talakan da bashi ya ci ma wuya shi karɓi kuɗɗi shi tahi inda ba shi iya barci da ido biyu. In wani abu yas same shi, wanda yab biya shi ba ya da natsuwa har abada.

Malama Hadiza:
Baba, wallahi wannan ya riga ya fara faruwa a wasu wuraren. Na san wadda ta karɓa don za ta aurar da ƙanwarta.

Maman Ummi:
Duk na ji, kuma na yarda dubu 150 ɗin nan wuta ce. Amma har yanzu ba wanda ya gaya wa bawan Allah nan abin da zai yi gobe da safe. Kar mu rufe masa ƙofa mu watse.

Barista Na Arkilla:
Gaskiyarki Hajiya. Baban Sadiq, ga abin da zan yi in ni ne. Ka rubuta takardar neman canji ta kanka bisa dalilin jinƙai, ka haɗa da rahoton likitan da ke duba Inna, da katin zuwa gashi mai nuna ranaku, ka bayyana cewa kai kaɗai ne ɗa namiji. Ta bi ta hannun shugabanka kamar yadda ƙa'ida ta ce, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata. Ka kai wa wakilin ƙungiyarku kwafi, domin bin irin wannan yana cikin aikinsu. In kana da hutun shekara da ba ka ci ba, ka nema yanzu.

Shi kuma abokin naka, ka gwada shi da abu ɗaya. Ka ce ka yarda ka ɗauki nauyin motar kaya, kai za ka biya direba hannu da hannu a ba ka rasit, bayan takardar amincewa ta fito, kuma za ku rubuta hakan a cikin takardar musayar don shugabanni su gani su ce e ko a'a. In sun ce a'a, ka ji matsayinsu ba tare da ka rasa komai ba. In shi ya yarda a rubuta, to da ma ɗawainiyar ce ta dame shi.

Baban Sadiq:
Salamu alaikum, ku gafarce ni kwana uku ban leƙo ba. Na gaya masa duk yadda Barista ya tsara. Na ce zan biya mota, zan karɓi sauran watanni biyar na hayar gidansa in biya shi kuɗinsu, kuma a rubuta. Ya ce shi ba zai sa hannu a takardar da aka ambaci kuɗi a ciki ba, kuma in babu dubu 800 a dunƙule a bar maganar, akwai wani a Lafiya da ke nema. Ban yi masa faɗa ba, mun rabu da sallama. Ba zan ɓoye muku ba, da na ajiye wayar sai da na yi hawaye, domin na riga na gaya wa Inna ina dawowa kafin azumi, kuma na ga yadda fuskarta ta yi da ta ji.

Jiya na karɓo rahoton likita, na rubuta takardar jinƙan, ranar Litinin in na koma zan miƙa. Filin kuma na fasa sayarwa gaba ɗaya, zan yanki rabi in sayar in ɗauki mai kula da ita da rana. Abin da ya rage mini shi ne kai ta gashi, don yaron maƙwabtan zai koma makaranta wata mai kamawa.

Malam Na Gidan Igwai:
Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya sa takardar ta faɗa hannun mai tausayi.

Tsohon Fosmasta:
Ka aiko min kwahin takardar in duba maka tsarinta kahin ka miƙa. Akwai yadda aka jera ta don mai karatu shi ga dalili tun layi na hwarko.

Alhaji Mai Atamfa:
Waɗanne ranaku ne ake kai ta?

Baban Sadiq:
Talata da Alhamis ne Alhaji, ƙarfe takwas ake son a isa.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni a Mabera nake kwana, kuma ba na buɗe shago sai goma. Talata da bakwai da kwata zan zo da mota, da yarona da zai taimaka a ɗaga ta. Ka turo mini kwatancen gidan ta waya, kuma ka gaya wa Inna tun yau don kada ta ga baƙuwar fuska a ƙofa.